Tarihin Zaɓin Farko na Ƙungiyar Houston Rockets

Houston Rockets ƙungiyar ƙwallon kwando ce a gasar NBA ta Amurka. An kafa ta a San Diego a 1967, ta koma Houston a jihar Texas a 1971. Duk shekara ƙungiyoyin gasar kan ɗauki sababbin 'yan wasa bi da bi, waɗanda suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su suka fi samun damar fara zaɓa. Sau biyar Rockets ta samu damar zaɓin farko.

Na farko shi ne Elvin Hayes a 1968. A shekararsa ta farko ya fi kowa cin maki a gasar, amma aka sallame shi zuwa ƙungiyar Baltimore Bullets a 1972, kuma da Bullets ɗin ya ɗaga kofi a 1978. John Lucas, wanda aka ɗauka a 1976, shekara biyu kawai ya yi ya wuce Golden State.

A wancan zamani jefa kwabo ake yi don raba gardamar wanda zai fara zaɓa, kuma kwabon ya faɗo wa Rockets sau biyu a jere. A 1983 ta ɗauki Ralph Sampson mai tsawon mita 2.24, a 1984 kuma Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas da ya yi wasa a Jami'ar Houston. Michael Jordan na uku aka ɗauka a wannan shekara, amma da wuya ka ji wanda ke ganin laifin Rockets. Portland da ta ɗauki Sam Bowie na biyu ita ke shan gori har yau. Zargin cewa wasu ƙungiyoyi na faɗuwa da gangan don samun zaɓi mai kyau ya sa NBA ta koma tsarin ƙuri'ar gwada sa'a a 1985.

Sampson da Olajuwon sun kai wasan ƙarshe a 1986, Boston Celtics ta doke su. Ciwon gwiwa ya ci ƙarfin Sampson, aka rabu da shi a 1987. Olajuwon ya zauna har 2001, ya kawo wa ƙungiyar kofunanta biyu, na 1994 da na 1995, ƙarƙashin koci Rudy Tomjanovich, wanda shi ma Rockets ce ta ɗauke shi na biyu a 1970. Har yanzu ba wanda ya kamo Olajuwon a tare ƙwallon abokan hamayya, sau 3,830. Yana buga wasa da azumi a bakinsa, kuma a Fabrairun 1995, cikin Ramadan, aka ba shi gwarzon wata.

Na biyar shi ne Yao Ming daga Shanghai a 2002, mai tsawon mita 2.29, baƙo na farko da aka ɗauka a matsayi na ɗaya ba tare da ya yi wasa a wata jami'ar Amurka ba. Ya janyo wa ƙungiyar ɗimbin 'yan kallo a ƙasar Sin, sai dai karayar ƙafa ta yi ta dawo masa har ya yi ritaya a 2011.