Bin Ƙungiya Wasan Waje a Babban Filin Wasa: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya sa tikitin wasan waje ke da wuyar samu haka?

Saboda kason baƙi ɗan kaɗan ne. A gasar Firimiya ta Ingila, mai masaukin baƙi na ware wa magoya bayan abokiyar karawa tikiti 3,000, ko kashi 10 cikin 100 idan filin bai kai cin mutum 30,000 ba. A gasannin hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, UEFA, kashi 5 ne. Ke nan filin da ke cin mutum 80,000 zai ba baƙi kujeru 4,000 kacal, alhali masu nema sun ninka haka sau da yawa.

Kuma a wurin ƙungiyarka za ka saya, domin ita ake miƙa wa kason. Manyan ƙungiyoyi kan raba shi ne da maki: wanda ya fi bin wasannin waje a baya shi ake fara buɗe wa, sai masu tikitin kakar wasa, sai sauran 'yan rajista idan an samu ragowa. Sabon shiga ya fara da wasannin da ba a rububinsu, irin na kofi a tsakiyar mako, ya tara maki. Daɗin abin a Firimiya, tun kakar 2016/17 aka ƙayyade cewa tikitin baƙi ba zai wuce fam 30 ba.

Idan na rasa, in sayi na ɓangaren masu gida ko in saya a bakin fili?

Duka biyun kasada ne. Baƙon da ya zauna cikin masu gida, da zarar ya yi tsallen murnar ƙwallo jami'an fili za su fitar da shi, kuma ba a mayar da kuɗi. Wani lokaci na kusa da shi ne za su fara taɓa lafiyarsa kafin jami'an su iso. Masu sayarwa a bayan fage kuwa, sukan sayar wa mutum biyar tikiti ɗaya. Wanda ya riga kaiwa na'urar tantance tikiti shi ya shiga, sauran sai jar fitila. A Ingila ma sake sayar da tikitin ƙwallo ba da izinin ƙungiya ba laifi ne a doka.

Yaushe ya kamata in biya kuɗin tafiya da masauki?

Sai an tabbatar da rana da lokacin take wasa. Jadawalin farkon kaka ba tabbas ba ne, gidajen talabijin na iya mayar da wasan Asabar ya koma Lahadi ko daren Litinin. Idan dole ne a biya da wuri, a zaɓi tikitin da ake iya canza masa rana. Sannan a duba jirgin ƙasa ko bas na ƙarshe na komawa. A wasan kofi na sili-ɗaya-ƙwale, ƙarin minti 30 da bugun fenariti na iya ƙara kusan sa'a guda.

Da wane lokaci zan isa?

Ka kasance a harabar filin sa'a biyu kafin take wasa, ka shiga ciki da saura aƙalla minti 45. Babban fili ba ƙofa ɗaya ce da shi ba. Tikitinka na ɗauke da ƙofa, ɓangare, layi da lambar kujera, kuma na'urar wata ƙofar ba za ta karɓe shi ba. Idan ka sauka ta gefen da ba naka ba, zagaye filin cikin taro na iya cin minti 20, musamman idan 'yan sanda sun datse hanya don raba magoya baya. A wasu filayen kuma can ƙololuwa ake kai baƙi, kamar a St James' Park na Newcastle, inda hawan matakalar kaɗai aiki ne. Mai ciwon gwiwa ko keken guragu ya sanar da ƙungiyarsa tun lokacin sayen tikiti.

Cunkoson minti 20 na ƙarshe shi ne abin gudu. A wasan ƙarshe na Zakarun Turai na 2022 a filin Stade de France na Faransa, dubban magoya bayan Liverpool masu sahihin tikiti sun maƙale a waje, aka harba musu hayaƙi mai sa hawaye, wasan ya yi jinkirin fiye da rabin sa'a. Da yawansu ma da wuri suka zo, matsalar ta tsarin shiga ce, amma makara na ƙara jefa mutum cikin irin wannan.

Me zan ɗauka, me zan bari?

Katin shaida mai sunan da ke kan tikiti, katin banki domin filaye da dama sun daina karɓar tsabar kuɗi, da ƙaramin batirin cajin waya. Idan tikitin na waya ne, a sauke shi tun a gida, don intanet kan tsaya cak inda mutum dubu 70 suka taru, kuma hoton tikitin da aka ɗauka daga fuskar waya sau da yawa na'ura ba ta karanta shi. Jaka kuwa, a filin Wembley na Landan ba a yarda da wadda ta fi girman takardar A4 ba. A bar kwalba, babbar lema da duk wata wuta mai hayaƙi, wadda a Ingila shiga da ita na iya jawo kamu da haramcin zuwa kallo.

Zan iya sa rigar ƙungiyata?

A ɓangaren baƙi, ƙwarai. A hanya kuwa, idan wasan hamayya ne mai zafi, a ɗora wata riga a kai har sai an shiga.

Idan turmutsutsu ya rutsa da ni fa?

Alamar haɗari ita ce ka ji ba kai ke tafiyar da kanka ba, taro ke kaɗa ka. Abin da ke kashewa shi ne matsewar ƙirji har numfashi ya gagara, kamar yadda ya faru a filin wasa na Hillsborough a Ingila ranar 15 ga Afrilu, 1989, abin da ya ci ran magoya bayan Liverpool 97. Ka ɗaga hannuwanka gaban ƙirji don samar wa huhu sarari. Kada ka sunkuya ɗaukar abin da ya faɗi, ko da waya ce. Kada ka yi kokawa da turin, ka bi shi kana karkacewa gefe duk sanda aka samu sassauci, ka nisanci bango da shinge. Wanda ya faɗi kusa da kai, a taru a ɗaga shi nan take.

Me ya sa ake tsare baƙi bayan an tashi wasa?

Don masu gida su watse tukuna. A wasannin Turai hakan na iya kaiwa rabin sa'a zuwa sa'a guda, wani lokaci kuma 'yan sanda su raka baƙin har tasha. A sa wannan cikin lissafin komawa, a shiga bayan gida kafin busa tashi, sannan abokan tafiya su tsayar da wurin haɗuwa tun kafin shiga, wuri mai suna da ke nesa da ƙofa kaɗan, domin a wannan lokacin kiran waya da ƙyar yake shiga.