Waiwaye: Ɗakunan karatu na gwamnati da karatun mata a Arewa

Tun kafin a gina laburaren gwamnati ko ɗaya a ƙasar Hausa, mata suna da hanyarsu ta isar da karatu gida-gida. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ita ce ta tsara ƙungiyar 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali daga ƙauye ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan rawani a matsayin alamar muƙami, ita kuma jajin ta jagoranci mata zuwa Sakkwato su ɗauki karatu, su haddace waƙoƙin da ta rubuta da Hausa da Fulatanci, sannan su koma su koyar da matan aure waɗanda ba sa fita. Wannan tsari ya yi aikin da ake nema daga laburare, wato kai ilimi ga wanda ba shi da halin mallakar littafi, ya kuma yi shi ta la'akari da yadda mata suke rayuwa.

Ɗakin karatu irin na zamani ya shigo ne ta wata ƙofar daban. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Turawan mulki sun sa hukumomin En'e sun buɗe ɗakunan karatu a manyan garuruwa, kuma babbar manufarsu ita ce jama'a su san labarin yaƙi ta bakin gwamnati, musamman ta jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939. A 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna domin ya riƙa tallafa wa waɗannan ɗakuna da littattafai da horar da ma'aikata, a shekarar da ta biyo baya kuma UNESCO ta yi taronta na Ibadan kan bunƙasa ɗakunan karatu na jama'a a Afirka. Bayan da aka raba Jihar Arewa zuwa jihohi shida a 1967, kowace jiha ta ɗauki nauyin nata, daga bisani aka kakkafa hukumomin laburare na jihohi.

Matsalar da aka gada daga wancan zamani ita ce an gina waɗannan wurare ne da ɗan boko namiji a zuciya. Yawancin littattafan da Turanci suke, ginin yana kusa da ofisoshin hukuma, ana buɗewa a lokacin da matar gida take tsakiyar girki da hidimar yara, zauren kuma cike yake da maza. Ko a yau, wanda ya leƙa irin waɗannan ɗakuna zai fi tarar da ɗalibai masu shirin jarrabawa, kowa ya zo da littafinsa daga gida, abin da yake nema kawai kujera ce da shiru da iskar fanka idan an yi sa'ar wuta.

Amma mata ba su zauna jiran laburare ba. Shirin ba da ilimin firamare kyauta na 1976 da azuzuwan yaƙi da jahilci, irin waɗanda hukumar ilimin manya ta Kano ta buɗe tun daga 1980, sun samar da dubban mata masu iya karanta Hausar boko. Da aka shiga shekarun 1980, sai marubuta irin su Hafsat Abdulwaheed da Balaraba Ramat Yakubu, daga baya kuma Bilkisu Funtuwa da wasu da dama, suka fara rubuta labarai kan auren dole da kishi da saki da karatun 'ya mace. Waɗannan littattafai, da wasu masana suka laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano, sun yaɗu ne ta hannun masu bayar da haya. Mai shago ko wata mata a cikin gida za ta tara littattafai a kwali, a rubuta sunan mai ɗauka a tsohon littafin makaranta, a aiko yaro da 'yan kuɗi ya karɓo kashi na ɗaya, gobe ya dawo da shi ya karɓi na biyu. Littafi ɗaya yakan zagaya gidaje har bangonsa ya yage a liƙe shi da salatif. A ganina, wannan shi ne laburaren unguwa na gaskiya da Arewa ta taɓa yi, duk da cewa babu hukumar da ta ƙidaya shi.

Hukuma ma dai da ido na zargi ta kalle shi. A 2007 an ƙona irin waɗannan littattafai a bainar jama'a a Kano da sunan gyaran tarbiyya, kuma ba kasafai ake sanya su a kantocin laburaren gwamnati ba. Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya ajiye kwafi uku a Laburaren Ƙasa, sai dai da yawa daga cikin marubutan da kansu suke bugawa a ƙananan maɗaba'u, don haka ba su bi ta wannan hanya ba. Sakamakon shi ne, mai binciken da ke son ganin abin da matan Kano suka rubuta shekara talatin da suka wuce yakan dogara ne da tarin da wasu malaman jami'a suka adana da kansu, ko wanda aka kai SOAS, makarantar nazarin Afirka da ƙasashen Gabas da ke Landan.

Haka abin yake game da rubuce-rubucen Nana Asma'u. Sun tsira ne saboda zuriyarta sun riƙe su, musamman a ɗakin karatun Wazirin Sakkwato Junaidu, wanda ya rasu a 1997, kuma a can ne manazarciya Jean Boyd ta yi aiki a kansu kafin ita da abokiyar aikinta Beverly Mack su fitar da su a dunƙule a shekarar da Wazirin ya rasu. Gidan Arewa da ke Kaduna da hukumar tarihi ta Sakkwato suna adana takardu masu daraja, amma wurare ne na manazarta, ba inda yarinya 'yar sakandare za ta shiga bayan an tashi makaranta ba.

Yanzu karatun ya koma waya. Marubuta mata suna sakin labari shafi-shafi a zaurukan WhatsApp da Facebook da Wattpad, masu karatu suna biya ta asusun banki, gasar Hikayata ta BBC Hausa kuma, wadda aka fara a 2016 don mata zalla, ta fito da sababbin sunaye. Wannan rubutu ya fi na takarda saurin ɓacewa, domin waya ɗaya idan ta lalace ko aka rufe zaure, labarin ya tafi ke nan. Hukumomin laburare na jihohi suna da gine-gine da ma'aikatan da suka koyi aikin adanawa, don haka su ne suka fi dacewa su tattara tsofaffin littattafan haya daga hannun waɗanda suka rage da su, su nemi izinin marubutan intanet su ajiye kwafi, su kuma ware ranaku da zaure na mata kaɗai a lokacin da ya dace da hidimar gida.