Kwantena Mai Cikakken Iko da Ɗigar Bayanai: Tambayoyi da Amsoshi

Me ake nufi da kwantena mai cikakken iko?

Kwantena keɓaɓɓen wuri ne da ake zuba manhaja da kayan aikinta, amma duk kwantenonin da ke kan na'ura ɗaya kanel ɗin Linux guda (wato zuciyar tsarin aikin na'urar) suke amfani da shi. A Docker, manhajar sarrafa kwantenoni, idan ka tayar da kwantena da umarnin --privileged, ka sakar masa mara ke nan. Yana ganin duk abin da ke cikin /dev, wurin da Linux ke jera sassan na'ura, har da faifan ajiyar uwar na'urar, kuma an cire masa takunkumin seccomp da AppArmor, matakan tsaron da ke taƙaita abin da manhaja za ta iya yi. Duk wanda ya kutsa ciki zai iya buɗe faifan ya karanta abin da ya ga dama.

Idan ban ba shi wannan iko ba, na tsira?

Ba gaba ɗaya ba. Manhajojin da ke tayar da kwantena, irin su containerd da runc, su ma da cikakken iko suke aiki, kuma kuskurensu kaɗan kan buɗe ƙofa. A 2022 an bayyana wata ɓarakar tsaro mai lamba CVE-2022-23648 a containerd: ƙunshin manhaja da aka shirya da mugun nufi yana iya sa a kwafo fayilolin uwar na'ura zuwa cikin kwantena. An toshe ta a sigogin 1.6.1, 1.5.10 da 1.4.13. A Janairun 2024 kuma kamfanin Snyk ya bankaɗo CVE-2024-21626, inda runc ke barin hanyar wani fayil na uwar na'ura a buɗe, kwantena ya bi ta ya fita. Sigar 1.1.12 ce ta gyara.

Ai karantawa kawai ake yi, ba a goge komai ba. Ina abin tashin hankali?

Nan ne nake ganin mutane suna sakaci, kuma abin yana damuna ƙwarai. Me ake karantawa? Makullan SSH na shiga na'ura daga nesa, kalmomin sirrin rumbun bayanai, takardun shaidar Kubernetes, manhajar da ke tafiyar da tarin kwantenoni. Mai waɗannan a hannu ba ya bukatar fasa komai, ta ƙofar gaba zai shigo, kuma da wuya ka ga sawunsa.

Na sa faci, shi ke nan?

Faci yana toshe ɓaraka ne, ba ya dawo da abin da ya riga ya fita. Bayan sabuntawa, ka tabbatar sabuwar sigar ce ke aiki da umarnin runc --version, sannan ka canza duk makulli da kalmar sirrin da ke kan na'urar. Kwantenan da ke bukatar izini ɗaya tak, ba shi shi kaɗai da --cap-add.