Sahara Ba Tun Fil'azal Take Hamada Ba

Mutane da yawa na ɗauka cewa tun da aka halicci duniya Sahara rairayi ce. Ƙasar da kanta ta ƙaryata hakan. Tsakanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, damina na kaiwa can arewa, saboda sauyin juyin duniya ya ƙara wa rana zafi a lokacin bazara, iska ta riƙa jawo ruwa daga teku.

A Gobero, cikin hamadar Tenere ta Nijar, an tono ƙasusuwan dorina da kada da manyan kifaye kusa da kaburburan masunta. Tafkin Chadi kuwa a wancan lokacin ya kai kusan murabba'in kilomita 350,000. Busasshen taɓonsa a kwarin Bodele na arewacin ƙasar Chadi shi ne yawancin ƙurar da hunturu ke kwaso mana yau.