Kansilan majalisar yanki a Arewacin Kamaru: shiga sabon wa'adi

Kansilan yanki shi ne wakili a majalisar da ke kula da ayyukan raya ɗaya daga cikin yankuna 10 na Kamaru. Kundin tsarin mulki na 18 ga Janairun 1996 ne ya tanadi waɗannan majalisu, amma sai ranar 6 ga Disamban 2020 aka yi zaɓensu na farko, bayan dokar ƙananan hukumomi da yankuna ta 24 ga Disamban 2019. A Arewacin ƙasar majalisun uku ne: ta Adamawa a Ngaundere, ta Arewa a Garwa, ta Arewa Mai Nisa a Marwa. Wa'adin kansila shekara 5 ne.

Kowace majalisa na da kujeru 90. Kujeru 70 na wakilan gundumomi ne, kuma kansilolin ƙananan hukumomi ne ke zaɓensu, talaka ba ya jefa ƙuri'a a nan. Sauran 20 na sarakunan gargajiya ne, su ke zaɓar na cikinsu, tun daga lamido har zuwa jauro da lawan da gwamnati ta amince da sarautarsu. Hukumar ELECAM ce ke shirya zaɓen. Gundumomin kuwa 5 ne a Adamawa, 4 a Arewa, 6 a Arewa Mai Nisa. A 2020 jam'iyyar RDPC ta kwashe yankuna 9, jam'iyyar UNDP ta samu Adamawa.

Wa'adi yana farawa da zaman farko da doka ta wajabta, wanda a 2020 ya faɗo ranar 22 ga Disamba. Wanda ya fi kowa shekaru a zauren ne ke jan ragama har a zaɓi shugaba ta ƙuri'ar sirri. Dole shugaban ya kasance ɗan asalin yankin. Tare da shi ake zaɓar mataimaka biyu, da masu kula da kuɗin majalisa biyu, da sakatarori biyu, kuma doka ta ce a duba ƙabilun yankin wajen rabon. A Arewa Mai Nisa, inda Fulani, Mafa, Tupuri, Masa, Musgum, Kotoko, Larabawan Shuwa da Kanuri ke zaune, wannan rabo ba ƙaramin aiki ba ne, kuma galibi jam'iyya ta gama daidaita shi kafin a shiga zaure.

Daga nan sai rabon kwamitoci. Kansilan da ya san abin da yake yi kwamitin kuɗi yake nema, don can ake tankaɗe kasafi kafin ya iso gaban kowa. Majalisa na zama sau ɗaya kowane wata uku. Zama ba ya wuce kwana 8, sai na kasafi da zai iya kai 15. Abin da ke hannunta ya haɗa da gina makarantun sakandare da gyaransu, da wasu cibiyoyin lafiya, da hanyoyin yanki, da tsarin raya yankin baki ɗaya. Rijiyar unguwa da makarantar firamare da kasuwar ƙauye aikin magajin gari ne. Sabbin kansiloli kan ruɗe a nan: su yi wa mutane alkawarin abin da ba na majalisarsu ba, a ƙarshe a ce sun ci amana.

Ikon majalisa ma yana da iyaka. Gwamna, wanda shugaban ƙasa ke naɗawa, shi ne idon gwamnati a kanta, kuma kasafi ba ya aiki sai an amince da shi daga ɓangaren gwamnati. Babban sakataren yanki ma naɗin shugaban ƙasa ne. Dokar 2019 ta ce kason da za a ware wa ƙananan hukumomi da yankuna kada ya gaza kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnati, sai dai kukan da aka fi ji shi ne kuɗin ba sa cika, kuma Yaunde tana sakinsu a makare.

Wannan jinkiri ya fi ciwo a Arewa saboda damina. Kwangilar da ba a bayar ba tun da rani, da zarar ruwa ya sauka a Yuni ta tsaya: mayo (wato rafi) ya cika, motar siminti ta kafe a laka, hanyoyin gundumomin Mayo-Danay da Logone-et-Chari su yanke har Oktoba. Shi ya sa kansila mai kishin gundumarsa ke shiga zaman kasafi da takarda a hannu, ɗauke da sunan makarantar, da yawan azuzuwan da rufinsu ya yaye, da ƙiyasin kuɗin gyara, don aikin da ba a yi masa lissafi ba ba ya shiga kasafi. Bayan an saka shi ma sai ya bi sawu har wurin ɗan kwangila.

Akwai wani nauyi da ba a cika tunawa da shi ba. Kansilolin yanki da na ƙananan hukumomi ne ke zaɓar sanatoci 7 na kowane yanki, shugaban ƙasa ya naɗa 3, su cika 100 a majalisar dattawa. A zaɓen Maris na 2023 ne kansilolin yanki suka fara jefa wannan ƙuri'a.