Dokar otofailot a ƙananan jiragen haya na Amurka

Ana yawan cewa wai a Amurka an hana matuƙin ƙaramin jirgi tuƙi da hannu idan ya shiga gajimare, dole ya sakar wa otofailot, wato na'urar da ke riƙe jirgi da kanta. Wasu har suna cewa matuƙan yanzu zaman kallo kawai suke yi. Ba haka dokar ta ce ba.

Wanda ke tuƙa jirginsa don harkar kansa, babu ruwan wannan doka da shi. Ta shafi jiragen haya ne masu ɗaukar fasinja, a ƙarƙashin Kashi na 135 na dokokin FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka.

Sashe na 135.101 ya ce in za a ɗauki fasinja a yanayin da sai an dogara da agogunan jirgi (mitocin da ke nuna wa matuƙi tsayi da gudu da karkatar jirgi) saboda ba a ganin ƙasa, dole a sami matuƙa biyu. Sai sashe na 135.105 ya yi rangwame: in jirgin na da otofailot da hukuma ta amince da shi, mai iya ɗaga hancin jirgi da karkata fiffike da juya shi, matuƙi ɗaya ya isa. Jirgi mai kujerun fasinja 10 zuwa sama bai shiga rangwamen ba.

A nan ake tafka kuskuren. Kujerar da na'urar ta cike ta mataimakin matuƙi ce. Sharaɗin shi ne ta kasance lafiyayya a cikin jirgin, kuma matuƙin ne mai zaɓar lokacin da zai kama sitiyari. Hasali ma, ana jarraba shi kan tuƙin agoguna duk wata 6, kuma sau ɗaya a shekara sai ya nuna zai iya tuƙin shi kaɗai, da na'urar da kuma babu ita. Dalilin a fili yake: a cikin gajimare kunnen ciki na yaudarar mutum, ya ji jirgi a miƙe alhali ya karkata, ga rediyo ga taswira duk a kansa. In na'urar ta lalace kafin tashi, sai a nemo mataimaki ko a jira sama ta washe. Wanda ya yi kunnen ƙashi na iya fuskantar tara ko dakatar da lasisi.

Abin da bai kwanta mini ba shi ne jiragen kaya. Sashe na 135.101 fasinja kawai ya ambata, don haka mai dakon kwalaye na iya tashi shi kaɗai da tsakar dare cikin hazo, babu mataimaki kuma babu otofailot, kuma bai karya doka ba.