Gawayin gona: ga amsoshin, don Allah a daina maimaita tambaya

Gawayin gona taki ne?

A'a. Gawayi ne da ake yi musamman don a zuba a ƙasar gona. Abincin shuka da ke cikinsa kaɗan ne. Rumbu ne kawai: cike yake da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, su ne ke riƙe ruwa da sinadaran taki kada ruwan sama ya wanke su.

Na zuba, sai ganyen shukata ya koma rawaya.

Ɗanye ka zuba, shi ya sa. Sabon gawayi yakan zuƙe naitrojin da ke cikin ƙasa kafin ya ƙoshi, shuka ta zauna da yunwa. Na sha faɗa: a daka shi, a cakuɗa da takin dabbobi ko ruɓaɓɓen ganye, a jiƙa, a bar shi mako biyu zuwa huɗu, sannan a kai gona. Kwantar da hankalinka, ƙasarka ba ta mutu ba. Ƙara mata taki, za ta farfaɗo.

Da me ake yinsa?

Karan masara, totuwa, ɓawon gyaɗa, buntun shinkafa, busassun rassa. Ana gasa su a zafin digiri 300 zuwa 700 na ma'aunin Celsius inda iska ta yi ƙaranci. A haƙa rami mai siffar mazurari, a kunna wuta a gindinsa, duk sanda farar toka ta fara bayyana a sama sai a ƙara kara, daga ƙarshe a kashe da ruwa. Mai kyau baƙi ne wul, ba nauyi, yana karyewa ƙaras, ba ya warin hayaƙi. Ban da katako mai fenti, ban da roba. Wanda kuma zai sare ɗanyen itace don wannan, gara ma ya bari.

Fili na ya gurɓata da dalma. In na zuba gawayi zan iya shuka kayan lambu?

To, a nan sai a bi a hankali. Gawayi ba ya cire dalma daga ƙasa. Kama ta yake yi. Dalma da kadmiyom (wani ƙarfe mai guba) suna manne wa jikinsa, kuma tunda yawancin gawayi yana rage tsamin ƙasa, ƙarafan ba sa narkewa yadda saiwa za ta sha su da yawa. Ana iya samun raguwa sosai a abin da ke shiga ganye, amma gubar tana nan daram a wurin, kuma in ƙasar ta sake yin tsami bayan shekaru, wani ɓangare na iya kuɓucewa.

Sannan ba kowace guba ce ke bin wannan ƙa'ida ba. Asenik, alal misali, wani lokaci ƙara motsi yake yi idan tsamin ƙasa ya ragu, wato maganin ya zama cuta. Sakamakon ya danganta da irin abin da aka ƙona, da zafin wutar, da irin ƙasar. Gawayin kashin kaji da na itace ba aikinsu ɗaya ba.

Kuma mutane suna mantawa da ƙura. Yaro da ke wasa a filin yana kai hannu baki, gawayi bai hana shi haɗiyar dalma ba. Shawarata: a fara kai ƙasar ɗakin gwaji a san wace guba ce da yawanta. In tana da yawa, a manta da latas da karas a wurin, a yi shuka a akwatuna da ƙasar da aka kawo daga wani waje. In kaɗan ce, gawayi da taki na iya taimakawa, amma a sake gwaji bayan girbi, har da ganyen.

Sabuwar fasaha ce?

Ina! Baƙar ƙasar Amazon da ke Brazil, wadda ake kira terra preta, mutanen yankin ne suka samar da ita da gawayi da sharar gida tun kafin zuwan Turawa, har yau tana ba da amfani.

Kowace ƙasa ce ke amfana?

A'a. Rairayi da ƙasa mai tsami su ne suka fi. Gona mai ƙarfi tun asali, ƙila ba ka ga bambanci ba. Gwada a kunya biyu tukuna.